Ɓuntu, Toka da Ruwan Gumi: Wa Ke Lissafin Sharar Masana'antun Shinkafa a Kwarin Rima?

A ƙofar kowace babbar masana'antar shinkafa akwai sikelin da mota ke hawa. Tirela za ta zo da shanshera daga Suru ko Augie ko Bunza, a auna ta da kayanta, ta shiga ta sauke, ta fito a sake auna ta wayam. Ma'aikaci zai soka ƙarfe a buhu ya ɗebi samfur, ya duba danshi, ya duba tsakuwa da ƙasa, a zaftare wa mai kaya abin da za a zaftare. Ba a yarda kilo ɗaya ya ɓace a wannan lissafi, don kuɗi ne. Haka abin yake a wajen lodi, inda buhunan shinkafar da aka gyara ke fita, kowanne a ƙirge. To amma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ya shiga ba ya fita a matsayin shinkafar tukunya. Ina yake zuwa, kuma wa ke riƙe da lissafinsa?

Masu sana'ar sun san amsar a dunƙule. A kilo 100 na shanshera, wajen kilo 20 ɓuntu ne, ɓawon nan mai kaushi da ke sa ƙaiƙayi in ya shiga riga. Kilo 8 zuwa 10 dusa ce. Akwai tsaki, akwai baƙar ƙwayar da injin tantance launi ke turewa gefe, akwai ƙasa da tsakuwa da karmamin da suka biyo buhu tun daga masussuka. Sai kuma waɗanda sikelin ƙofa bai taɓa gani ba: ruwan da aka jiƙa shanshera a ciki kafin a turara ta, tokar da tukunyar tururi ke fitarwa, da hayaƙi.

Da can wannan ba wani abin damuwa ba ne, don mace ce ke gumi a tsakar gida, ta cashe a turmi, kaji da awaki su gama da ragowar. Cikin 'yan shekaru kaɗan lamarin ya sauya kama. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, na bashin da Babban Bankin Najeriya ya riƙa bai wa manoma. A Disambar 2016 shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa. Masana'antar Labana tana aiki a Birnin Kebbi, sannan a Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe ta WACOT a Argungu, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 120,000 na shanshera a shekara. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai ƙananan injinan casa suka ƙara yawa a garuruwa da ƙauyuka.

Mu ɗauki wancan adadi na tan 120,000 mu buga lissafi da kanmu. Duk masana'antar da ta sarrafa haka a shekara za ta tara ɓuntu wajen tan 24,000. Ɓuntu kuwa ba shi da nauyi, sai cin wuri; motar da ke ɗaukar tan 30 na shinkafa ba za ta ɗauki ko rabin haka na ɓuntu ba sai an danne shi. Shi ya sa kai shi nesa ba ya biyan kuɗin mota. In an ƙone shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa yana komawa toka, wato tan 4,000 zuwa 5,000. Wannan na masana'anta ɗaya ke nan.

Manyan masana'antun zamani sun san darajar ɓuntu. Shi suke hura tukunyar tururi da shi, tururin ya dafa shanshera ya kuma busar da ita. Ta Argungu an tsara ta ne har da injin da zai ba da wutar lantarki megawat 1 daga ɓuntu. Wannan abin yabo ne, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya: a jihar da hamada ke matsowa, duk tururin da aka samu ba tare da an sare itace ko an ƙona gas ba, riba ce ga kowa. Sai dai daga nan ne maganar rahoto ke farawa, kuma a nan ake yawan ruɗa mai karatu.

Manyan kamfanonin duniya suna fitar da abin da ake kira rahoton ɗorewa, inda suke bayyana tasirin aikinsu ga muhalli da jama'a. A babin shara akwai adadi ɗaya da aka fi so a buga da manyan baƙaƙe: kason sharar da aka ci moriyarta maimakon a zubar. Lissafin a ido mai sauƙi ne. A auna duk sharar da aka samar, a auna wadda aka sake amfani da ita, a raba. Wahalar tana wajen abin da aka sa a sama da abin da aka sa a ƙasa.

Ga misali, ba na wani kamfani ba. A ce masana'anta ta rubuta cewa ta samar da shara tan 1,000: dusa tan 300 da ta sayar wa masu abincin kaji, ɓuntu tan 600 da ta ƙona a tukunyar tururi, da tarkace tan 100 da aka kai juji. Za ta ce ta ci moriyar kashi 90 cikin 100. Amma dusa haja ce mai kasuwa, dillalai na layi a kanta. Sa ta a cikin shara don a ce an ceto ta kumbura adadi ne kawai. Ɓuntun kuma fa? Ƙungiyar GRI, wadda ma'auninta ne kamfanoni suka fi bi a duniya, ta sabunta ƙa'idarta ta shara a 2020, kuma a cikinta ƙonawa tana rukunin zubarwa ne, ko da an samu makamashi daga gare ta. Dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 kuwa tana lissafa amfani da shara a matsayin makamashi cikin hanyoyin cin moriya, ko da yake ta sa shi ƙasa da sake sarrafawa. Ke nan masana'anta ɗaya, a shekara ɗaya, da aiki iri ɗaya, tana iya cewa kashi 90 ko ta ce kusan babu, gwargwadon ma'aunin da ta zaɓa. Kuma a duk lissafin nan ba a ambaci toka tan 120 da ɓuntun nan ya bari ba. Kamfanin da ya zaɓi ma'auni da kansa, ya auna da kansa, ya buga ba tare da wani ya duba ba, tamkar ɗalibi ne da ya tsara wa kansa jarrabawa ya kuma ba kansa maki.

Akwai wata dabara da ta fi wannan yawa, wato a ɗauka duk abin da ya fita ƙofa an gama da shi. Ɗan kwangila ya zo da tifa ya kwashi toka, aka ba shi takarda, aka rubuta an miƙa ga mai sarrafawa. In ya juye ta a kududdufin da aka haƙa ƙasar gini a bayan gari, takardar ba ta sani ba. Haka nan in aiki ya ja baya. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafar da aka ɓare, na kwana 150, kuma masu masana'antun cikin gida sun yi ta kokawa kan raguwar ciniki bayan haka. Masana'antar da ta yi rabin aikinta shararta ma za ta ragu da rabi, ba don ta gyara komai ba. Adadin da ke faɗin gaskiya shi ne na shara a kan kowane tan na shanshera da aka sarrafa.

Tokar ɓuntu ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Mafi yawanta, fiye da kashi 80 cikin 100, sinadarin silika ne, wato abin da yashi ya ƙunsa. In an ƙone ɓuntu da wuta madaidaiciya, tokar tana haɗuwa da siminti ta ƙara wa kankare ƙarfi, kuma injiniyoyi a jami'o'in Najeriya sun daɗe suna gwada ta a bulo. In wuta ta yi tsanani ainun, silikar tana rikiɗa ta zama nau'in da ƙurarsa ke lahanta huhu in an daɗe ana shaƙa. Don haka toka ɗaya tana iya zama haja, tana iya zama cuta ga leburan da ke kwasarta da shebur ba takunkumi, da gidajen da iskar hunturu ke kai wa. Rahoton da bai ba toka layinta daban ba ya ɓoye abin da ya fi shafar maƙwabta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ruwa ne. Kusan duk shinkafar da ake sayarwa a Najeriya dafaffiya ce, kuma dafa ta sai da jiƙo. Kowane kilo na shanshera yana barin ruwan jiƙo wajen lita ɗaya ko fiye. Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake gumi ya san shi: ruwa ne ja-ja mai kumfa, in ya kwana biyu a kwata sai ya yi tsami, warinsa ya cika lungu, sauro ya samu gida. Ba guba ce irin ta majema ba. Illarsa ita ce yana ɗauke da sitaci da sauran abin da ya narke daga ƙwaya, kuma ƙwayoyin halittar da ke cin wannan suna shanye iskar da ke cikin ruwa. In ya shiga gulbi da yawa a lokacin da ruwa ya ja baya, kifi ne ke fara shaƙewa. Da rani kuwa gulbin Rima ya dogara ƙwarai ga abin da aka sako daga madatsar Goronyo, kuma a daidai lokacin ne masu noman rani ke jan ruwa da inji, makiyaya na shayar da shanu, mata na wanki a bakin gaɓa.

Ga abin lura: a ma'aunin GRI, gurɓataccen ruwa ba ya cikin babin shara. Yana wani babi daban na ruwa, wanda aka sabunta a 2018. Saboda haka kamfani zai iya buga kashi 95 na cin moriyar shara, adadin ya zama gaskiya, alhali bai ce uffan kan ruwa ba. Masana'antun zamani akan gina su da wurin tace ruwa. Tambayar da ta dace a yi wa kowace, a ko'ina take, ita ce kwana nawa wurin ya yi aiki a shekara, me gwajin ruwan ya nuna, kuma wa ya ga sakamakon. Wurin tacewa yana cin wuta da magani, ba ya kawo ko sisi, shi ya sa a masana'antu da yawa a duniya shi ake fara kashewa in kuɗin gas ya hau.

A Argungu wannan tambaya tana da nauyi na daban. Sunan garin a duniya kifi ne. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Kabawa sun daɗe da tsarin kula da ruwa: akwai Sarkin Ruwa, akwai hana su a gulbin Matan Fada har sai lokaci ya yi, don kifi ya samu ya girma. Mutanen da suka iya hana kansu kamun kifi wata da watanni saboda gobe sun cancanci a gaya musu, da adadi, abin da ake sakawa a ruwan da suke tsaro.

To me doka ta ce? Najeriya ta farka kan sharar masana'antu ne a 1988, da aka gano dubban gangunan shara mai guba daga Italiya an jibge su a Koko, tashar ruwan da ke Jihar Delta ta yanzu, ba Kokon Kebbi ba. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli a 1992, sannan hukumar NESREA ta gaje aikin sa ido a 2007. Ƙa'idojinta na 2009 kan masana'antun abinci da abin sha sun wajabta tace ruwa kafin a sake shi, da binciken muhalli duk shekara uku. A jiha kuma akwai hukumar kare muhalli da hukumar raya birane, KUDA. Dokoki dai ba a rasa ba. Sai dai takardun da ake miƙawa suna ƙarewa ne a ofis. Mai unguwar da kwata ta ratsa ƙofar gidansa ba shi da inda zai je ya karanta su.

Rahoton da ake bugawa kowa ya gani kuwa ya zo ne ta hanyar kasuwar hannun jari, wadda ƙa'idarta ta bayyana al'amuran ɗorewa ta fara aiki a 2019. Tana hawa kan kamfanonin da ke cikin kasuwar, irin su Dangote Cement da BUA Cement mai masana'anta a Kalambaina ta Sakkwato. Masana'antun shinkafar Kebbi na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, ba sa cikin kasuwar, don haka ƙa'idar ba ta kai gare su ba. Wanda ya buga wani abu, don ra'ayin kansa ne ko don mai ba shi bashi ya nema.

Wannan yana gab da sauyawa. A taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 Najeriya ta yi alkawarin zama cikin na farko da za su karɓi sabon ma'aunin rahoton ɗorewa na duniya na hukumar ISSB, wanda ya fito a Yunin 2023. Hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC, ta tsara cewa daga 2024 zuwa 2027 ganin dama ne, daga 2028 wajibi ne ga kamfanonin da al'amarinsu ya shafi jama'a, ƙanana da matsakaita kuma daga 2030. Gyaran dokar hukumar na 2023 ya sa duk kamfanin da cinikinsa ya kai naira biliyan 30 a shekara cikin wannan rukuni, ko yana kasuwar hannun jari ko ba ya ciki. Buhu 500,000 a kan naira 60,000 ya kai biliyan 30, kuma buhu 500,000 tan 25,000 ne kacal. Babbar masana'antar shinkafa ba ta da wuyar tsallake wannan layi. Ga kuma dokar sauyin yanayi ta 2021, wadda ta ce kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa jami'in da zai riƙa miƙa rahoto duk shekara.

Duk da haka kada a ɗora wa 2028 burin da ba za ta iya ɗauka ba. Ma'aunin ISSB an yi shi ne don masu zuba jari. Abin da yake tambaya shi ne wace matsalar muhalli ce za ta taɓa aljihun kamfani. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, za ta shiga rahoto, don ta hana masana'anta samun shanshera. Warin kwata a unguwar talakawa ba zai shiga ba sai in ana tsoron tara ko ƙara a kotu. GRI ce ke tambayar abin da kamfani ya yi wa mutane da ƙasa. Masunci da mai lambu tambayar GRI ce tasu, kuma ita ce ba wanda ya wajabta.

Akwai kuma rabin labarin da babu rahoton da zai kama, na ƙananan injina. Je bayan kowane rukunin injinan casa a gefen kasuwa, za ka tarar da tsibin ɓuntu ya fi tsayin mutum. Sau da yawa an cinna masa wuta don ya ragu, ko ya kama da kansa. Ɓuntu ba ya ci bal-bal. A hankali yake ci ta ciki, sama toka fara-fara, ƙasa garwashi, hayaƙi na tashi kwana da kwanaki. Yaro in ya taka bai sani ba, ƙafa ta nutse. Tsofaffin injinan nan masu casa a zubi ɗaya suna haɗe ɓuntu da dusa wuri guda, sai dusar ta rage daraja, dabba ba ta samun abin kirki a ciki. Kowane inji shi kaɗai ƙarami ne, amma in an tara su sharar da suke fitarwa ba ƙarama ba ce, kuma ba mai aunawa.

A nan ne kuma ake cin moriyar shara ta gaske, ba da takarda ba. Mata masu gumi suna ɗibar ɓuntu a buhu su hura murhu. Masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi a ɗaki, in ya haɗu da kashin kaji ya koma taki, masu albasa su saya. Magina suna cuɗa shi da ƙasa. Tsohon buhu ana farke shi a ɗinke ya zama shimfiɗar shanya. 'Yan gwangwan suna bin ƙarfe da roba. Waɗannan su ne masu ceto shara a kwarin Rima tun kafin a san kalmar rahoto, kuma akwai haɗarin da ya kamata a hango musu. Kamfanonin siminti a Najeriya sun fara ƙona ragowar amfanin gona a madadin kwal da gas. Ranar da ɓuntu ya yi farashi sosai, kason moriya a takardar kamfani zai hau, amma matar da ke samunsa kyauta ko da araha za ta koma sayen itace. Rahoto na gaskiya ya kamata ya faɗi wa ke karɓar ɓuntun da, wa ke karɓarsa yanzu.

Sai shara ɗaya da ba ta taɓa shiga harabar masana'anta, amma ta samo asali daga cinikinta: robobin maganin feshi. Duk shirin da ke raba wa manoma iri da taki da maganin ciyawa yana raba musu roba ne da guba a jikinta. Ana ganinsu a yashe a bakin fadama, ana kuma ganin an ɗauraye su an zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Wanda ya raba su da lissafi ya san adadinsu, kuma yana da hanyar karɓarsu, tunda manoman nan za su dawo masa da shanshera. Buhun robobin da ba komai a ciki zai iya biyo motar.

Abin da nake ganin ya dace da Kebbi bai kai kundi mai shafi ɗari da hotunan yara suna dariya ba. Shafi ɗaya ya isa, duk wata uku, da Hausa, a boko da ajami, a liƙa a ƙofar masana'anta, a aika wa hakimi da hukumar muhalli ta jiha. A rubuta shanshera nawa ta shiga. Ɓuntu nawa aka ƙona, nawa aka sayar, nawa aka bayar. Toka nawa, kuma a wane fili take. Ruwa lita nawa aka saka, ta wace hanya, da sakamakon gwaji. Gwajin kada ya zama na kamfani shi kaɗai. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da kwalejin Waziri Umaru da jami'ar jiha da ke Aliero suna da malaman kimiyya da ɗaliban da ke neman abin bincike. Su ɗebi ruwa sama da wurin da kwata ke shiga gulbi da kuma ƙasa da shi, musamman a Maris da Afrilu. Gwamnatin jiha ce ke ba da fili da takardar mallaka, don haka tana da ikon sa wannan cikin sharaɗi ba sai ta jira Abuja ba. Ƙananan injina kuwa ba rahoto za a nema a wurinsu ba. Wurin tara ɓuntu na haɗin gwiwa suke buƙata, da injin da zai matse shi ya zama gawayin girki.

Su ma masu manyan masana'antun wannan ya fi musu. Wanda zai miƙa rahoton dole a 2028 yana buƙatar adadin shekarun baya da zai kwatanta da su, kuma mai binciken da zai sa hannu zai nemi takardar awo, ba ƙiyasi ba. Tifar toka da motar ɓuntu da ta dusa duk ta ƙofa suke fita, don haka a fara ɗora kowace a sikeli, a buɗe mata littafi, a rubuta sunan wurin da za ta sauke.